Wheeler FAT Wrench: sukudireba mai awo da ya daidaita mini saitin bindigar iska

Wata uku na kwashe ina zargin madubin hangen nesa da ke kan bindigata ta iska, har na fara duba farashin wani, kafin in gano cewa matsalar tana jikin wasu ƙananan notuna da kuma yadda nake ɗaure su. Abin da ya fito da gaskiyar lamarin shi ne wani sukudireba mai awon ƙarfin ɗauri da ake kira Wheeler FAT Wrench, kuma a kansa zan yi bayani, bayan na yi kusan shekara guda ina aiki da shi. Sai dai amfaninsa ba ya fitowa fili sai an san irin ɓacin ran da yake magancewa, don haka zan fara daga filin harbi.

A arewacin Ingila nake zaune, kuma ina cikin wani ƙaramin kulob na masu harbin takarda da allunan ƙarfe da bindigar iska. A Ingila da Wales, wanda ya kai shekara 18 yana iya sayen bindigar iska ba tare da lasisi ba muddin ƙarfin harbinta bai wuce ƙafa-fam 12 ba, wato kimanin jul 16, amma a Scotland sai da takardar izini tun ranar 31 ga Disamba 2016. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ba a mallaka sai da lasisi, saboda haka wannan bayani na mai wasan harbi ne a inda doka ta yarda masa. Bindigata Weihrauch HW97K ce ƙirar Jamus, mai sifirin, mai cin harsashin dalma na milimita 4.5, kuma bututunta a kafe yake, da wani hannu da ke ƙarƙashinsa ake ɗana ta. Na faɗi haka ne domin bindiga ce da aka san ta da daidaito, ba irin wadda mutum zai yi saurin ɗora wa laifi ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Ranar Asabar sai in zauna a teburin gwaji, in kafa takarda a yadi 25, in yi ta murɗa majuyan madubi, wato maɓallan da ake gusar da saiti sama, ƙasa ko gefe da su, har harsashi biyar su taru a wuri guda da farcen babban yatsa zai iya rufewa. In tashi raina fari, in mayar da bindiga jakarta. Asabar mai zuwa, da harsashi iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, babu iska mai kaɗawa, sai in tarar ramukan sun koma ƙasa da hagu da inci ɗaya da rabi. In sake murɗawa, harbi biyu na farko su faɗa inda na baro kamar ban taɓa komai ba, na uku kuma ya yi tsalle ya wuce inda nake so. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san yadda yake cin rai, domin mutum ba ya iya bambance kuskuren hannunsa da na kayan aikinsa, kuma wanda bai san ta ina kuskure yake fitowa ba babu yadda zai ƙaru a harbi.

Wani dattijo a kulob ɗin, wanda ya daɗe yana gasa, shi ya fara nuna mini hanya. Bai ce komai a kan madubin ba. Ya yanko salatif na takarda, ya manna ɗaya a jikin bindiga daidai bayan ƙafar mariƙin madubi, ya manna wani a jikin bututun madubin daidai gefen zoben da ke riƙe shi a kan mariƙi, ya ce in ci gaba da harbi in riƙa dubawa. Kafin in ƙarar da rabin gwangwani, salatif na ƙasa ya tattare kamar an tura shi da yatsa. Mariƙin yana ja da baya a hankali, abin da ido ba zai taɓa kamawa ba in babu alama.

Dalilin yana cikin yadda bindiga mai sifirin take aiki. Idan aka ja kunama, sifirin yana cilla fistin gaba, bindigar ta zabura baya. Sa'an nan fistin ya je ya tsaya cak a ƙarshen silinda, bindigar ta fizga gaba da ƙarfi. Wannan fizga ta biyu ita ce ke barin madubi a baya, kuma ita ce ta sa madubin da ya jure bindigar farauta mai albarushi yake iya lalacewa a kan bindigar iska. Masu ƙera HW97K sun san da haka, shi ya sa suka huda ramuka uku a bayan tsagin nan mai faɗin milimita 11 da mariƙi yake kamawa, domin a saukar da wata 'yar ƙusa daga mariƙin ta shiga ɗaya daga ciki ta zama turke. Mariƙin da na saya da araha a intanet ba shi da wannan ƙusa. Na maye gurbinsa da mariƙi mai jiki ɗaya na Sportsmatch, wanda ake ƙerawa a nan Ingila, mai turke, kuma daga ranar ja da baya ya ƙare. A nan ya kamata in faɗi gaskiya tun da wuri: wannan ɓangare na matsalar ba sukudireban Wheeler ne ya gyara shi ba, kuma babu irin ɗaurin da zai maye gurbin turke a kan bindiga mai sifirin.

Amma tsallen nan na harbi na uku bai tafi ba, kuma a nan ne hannuna ya shigo. Yawancinmu mun taso muna ganin bakanike yana taka sifana da ƙafa don ya ɗaure notin taya, sai ya zauna mana a rai cewa ɗauri mai kyau shi ne wanda ƙarfi ya ƙare a kansa. Duk lokacin da saiti ya gudu, abin da nake yi shi ne in ɗauko alanki, in kama doguwar ƙafarsa, in ƙara matse notunan zobba. Da muka kwance madubin, sai ga sawun zobba biyu kwance a jikin bututunsa, fentin ya dusashe, kuma na baya ya matso dab da kumburin tsakiya inda majuya suke. A cikin madubi akwai wani ƙaramin bututu da ke ɗauke da gilasai, majuyin sama da na gefe suna tura shi, wani ɗan sifirin kuma yana mayar da shi ya jingina da su. Bututun waje siririn alminiyam ne. Idan aka matse shi fiye da kima sai ya ɗan lotsa, na cikin ya daina motsi sakayau, mutum ya murɗa majuyi ya ji ƙas ƙas amma babu abin da ya gusa, sai girgizar harbi ta zo ta sake shi gaba ɗaya. Abin da nake kira lalacewar madubi ke nan.

Kamfanoni da yawa masu yin madubi suna ba da shawarar a ɗaure notunan saman zobba da ƙarfin ɗauri tsakanin inci-fam 15 zuwa 18, wato kusan niyuton-mita 1.7 zuwa 2. Adadin ba ya nuna ƙanƙantarsa sai an kwatanta. Idan ƙafar alanki ta kai inci uku, nauyin fam biyar zuwa shida a ƙarshenta ya isa, wanda bai kai nauyin ruwa lita uku ba. Babban mutum da ya kama alanki da niyyar matsewa yana ninka wannan sau biyu ko uku bai ma san ya yi ba, kuma notuna huɗu na zobe ɗaya ba za su taɓa samun ɗauri iri ɗaya daga hannu ba.

Wheeler FAT Wrench kayan Amurka ne, kuma haruffan nan uku taƙaitawa ce ta sunansa na Turanci da ke nufin awon ɗauri don daidaita bindiga. Siffarsa ta sukudireba ce mai kaurin mariƙa, wadda take cika tafin hannu. A jikinsa akwai 'yar taga mai lambobi daga inci-fam 10 zuwa 65, da layi da ke hawa ko sauka yayin da aka ja murfin gindinsa aka murɗa. Da an kai lambar da ake so sai a mayar da murfin ya kulle. Idan ana ɗaure noti, da zarar ƙarfin ya kai abin da aka saita, sai a ji ƙas a cikin hannu, kan ya suɓuce, kuma ko an ci gaba da murɗawa ba zai ƙara matsewa ba. Kamfanin ya ce kuskurensa ba ya wuce inci-fam biyu sama ko ƙasa har zuwa 40. Yana zuwa cikin akwatin roba da kawuna goma. Akwai kuma wani samfurin mai allon lantarki, amma na hannu nake da shi, kuma ya ishe ni, domin ba ya neman batir.

Ranar da na fara aiki da shi, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saurin da ƙas ɗin ya zo. Na saita shi a 16, na kama notin farko, ina jin ban ma fara ba sai kan ya suɓuce. Na ɗauka ban kulle murfin da kyau ba, na duba, na sake, haka dai. A lokacin na fahimci nisan da na yi wajen wuce gona da iri, kuma wannan darasi kaɗai, a ganina, ya biya kuɗin kayan.

Ga yadda na sake ɗora madubin daga farko. Na goge tsagin bindiga da cikin zobba da notunan da sinadarin cire maiƙo, domin noti mai mai yana matsewa fiye da abin da awo ya nuna, kuma saboda wannan dalili ne wasu masu yin madubi suke hana sa gam ɗin kulle noti a notunan zobba. Na mayar da layukan gicciye, waɗanda ake gani a cikin madubi ana aunawa da su, tsakiyar zangonsu ta hanyar kifa gaban madubin a kan madubin duba fuska: mutum zai ga gicciye biyu, na gaske da inuwarsa, sai ya murɗa majuya har su hau kan juna. Na saukar da turke cikin raminsa, na tura mariƙin baya har ya jingina da shi, na ɗaure notunan gefe bisa adadin da ke takardar mariƙin. Na kwantar da madubi cikin zobba, na bar tazara tsakanin kowane zobe da kumburin tsakiya, na ɗaga bindiga kafaɗa ido a rufe, na buɗe, na yi ta gusar da shi har hoton ya cika ba tare da na miƙa wuya ba. Sa'an nan na rataye igiya mai nauyi a ƙasa irin ta magina a ƙarshen lambu, na daidaita layin tsaye da ita yayin da bindigar take zaune daidai a kan ma'aunin ruwa. Notunan sama kuwa na bi su a gicciye, kaɗan kaɗan, ina lura da tsagar da ke gefen zobe ta zama ɗaya dama da hagu, na fara da 10, na koma 13, na ƙare a 16. Wanda ya matse gefe ɗaya har ƙarshe kafin ɗayan zai ga madubin ya juya, layukan sun karkace, aikin igiya ya tashi a banza.

Asabar ta gaba na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. A madubina kowane ƙas rubu'in MOA ne (MOA ma'aunin kusurwa ne da ake saita madubi da shi), wanda yake gusar da harsashi kimanin rubu'in inci a yadi 100. A yadi 25 kuwa kashi ɗaya ne cikin 16 na inci, ma'ana sai ƙas 16 kafin a gusa inci ɗaya, kuma rashin sanin wannan lissafi yana sa sababbin shiga su murɗa huɗu su ce madubi ba ya ji. Na harba uku a tsakiya, na hau 16 na harba uku, na yi dama 16, na sauko 16, na dawo hagu 16, ina auna ɗigo ɗaya duk tsawon gwajin. Ramukan suka zana murabba'i mai kusurwa huɗu, ukun ƙarshe suka faɗa kan ukun farko har takardar ta yage ta zama rami ɗaya. Madubin da na kusa jefarwa lafiyarsa lau; na yi sa'a lotsawar ba ta zauna ba.

Wuri na biyu da kayan ya yi mini amfani ban yi tsammaninsa ba, wato notunan da ke haɗa ƙarfen bindiga da katakonta. A kan kowace bindiga mai sifirin girgiza tana sassauta su a hankali, katako kuma yana kumbura yana tsukewa da damshin Ingila, kuma da zarar ɗaurinsu ya canza, inda harsashi yake faɗawa ya canza. A da ina matse su ne idan na tuna. Yanzu na zaɓi adadi ga kowanne, na rubuta a cikin murfin akwatin, ina dubawa duk bayan gwangwani ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne adadin yau ya zama irin na watan jiya, kuma hannu ba ya iya riƙe wannan. Ƙaramin notin da ke bayan kariyar kunama kuwa lallaɓa shi ake yi, domin zarensa ba shi da yawa.

Akwai abubuwan da mai saye a wajen Amurka ya kamata ya sani. Kawunan alanki da ke cikin akwatin na awon inci ne, tare da guda biyu masu bakin tauraro da kuma masu faɗin baki, domin an haɗa su ne don kayan kasuwar Amurka, alhali mariƙan Ingila da Jamus na awon milimita ne. Kada mutum ya cusa kan da ya kusa shiga, zai cinye ramin notin. Bakin sukudireban na gama-gari ne mai rubu'in inci, don haka ƙaramin saitin kawunan milimita daga kowane shagon kayan aiki yana shiga daidai, kuma ya fi kyau a saye su rana ɗaya. Haka nan lambobinsa na inci-fam ne, takardun kayan Turai kuma sukan ba da niyuton-mita. Niyuton-mita ɗaya daidai yake da inci-fam 8.85, kuma na rubuta wannan ma a murfin akwati. Babban haɗari shi ne rikita inci-fam da ƙafa-fam, domin na biyu ya ninka na farko sau 12, kuma wanda ya ɗauko ma'aunin ɗaurin mota ya saita shi a 16 zai karya noti ko ya murƙushe madubi nan take. Layukan tagar ma a matse suke, sai an kawo shi kusa da haske kafin a tabbatar ko 16 ne ko 17, ko da yake bambancin ɗaya ba ya hana komai a wannan aiki. Bayan an gama kuma a mayar da shi lambar ƙasa, don kada sifirin da ke ciki ya zauna a matse ya gaji.

Ba na son kowa ya saye shi da tunanin zai warware duk wata matsalar saiti, domin na ga mutane a kulob sun ɗaure komai bisa awo amma takardarsu na nan a warwatse. Idan madubi an yi shi ne don yadi 100 kuma ba shi da zoben gyara nisa, to a yadi 25 gicciye zai riƙa yawo a kan takarda duk lokacin da ido ya gusa, abin da ake kira faralas. A kafa bindiga a girgiza kai kaɗan, in gicciye ya motsa to ga inda matsalar take. Bindiga mai karyewa a tsakiya, wadda ake lanƙwasa bututunta don a ɗana ta, sau da yawa bututunta yana ɗan kallon ƙasa, sai mutum ya murɗa majuyin sama har ƙarshe, sifirin da ke cikin madubi ya saki, saiti ya riƙa yawo, kuma maganin wannan mariƙi ne mai gyaruwa ko mai ɗan gangare. A yadi 10 harsashi yana faɗawa ƙasa da inda aka auna saboda madubi yana zaune sama da bututu, wannan ba lahani ba ne. Kowane bututu yana da harsashin da yake so, har faɗin kan harsashi na milimita 4.51 da 4.52 yana iya raba sakamako. Tawa harsashin JSB Exact mai nauyin giren 8.44 take so (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Sa'an nan bindiga mai sifirin ba ta son a damƙe ta, ba ta son a ɗora ta a kan abu mai tauri, tana son a kwantar da ita a buɗaɗɗen tafi a wuri ɗaya kowane harbi, domin tana fara motsi tun harsashi bai bar bututu ba.

To wa ya kamata ya saya? Kuɗinsa ya kai na gwangwanin harsashi mai kyau huɗu ko biyar, kuma wanda yake da bindiga ɗaya da madubi ɗaya da aka ɗora masa a shago, ba ya kwancewa, zai iya aron na kulob sau ɗaya a shekara ya wadatu. Amma mai sauya madubi, ko mai bindiga mai sifirin da notunan katakonta ke neman dubawa kullum, ko mai shiga gasar HFT inda ake harbin alluna daga yadi 8 zuwa 45 kuma ba a yarda a taɓa madubi ba da zarar an fara zagaye, wannan ina ba shi shawara ya mallaki nasa, domin madubin da ɗaurin hannu zai lalata ya fi sukudireban tsada nesa ba kusa ba. Nawa yanzu yana yawo a hannun mutum huɗu a kulob, kuma biyu daga cikinsu sun tarar da sawun zobba a madubansu irin wanda na tarar.

Salatif ɗin da dattijon ya koya mini har yau ina manna sabo duk lokacin da na taɓa mariƙi. Wanda ke jikin bindigar yanzu ya ga gwangwani shida na harsashi 500, ya yi baƙi da dattin hannu, gefensa yana nan a miƙe daidai ƙafar mariƙi, kuma tun watan da na ɗaure zobban a 16 ban sake cire murfin majuya ba sai ranar da na sauya nisan takarda zuwa yadi 35.